Jan Biro a Babban Lissafi, Ga Neman Jami'a Ya Ƙarato

A ƙarshen zangon farko na wannan shekara, ranar da aka raba mana katin sakamako, na buɗe nawa sai na tarar da 34 cikin 100 a gaban Babban Lissafi, an rubuta da jan biro. Babban Lissafi shi ne darasin nan da mu ɗalibai muke kira "fodamas", wanda 'yan sashen kimiyya sukan ƙara a kan lissafin da kowa da kowa yake yi, watau Lissafin Bai-ɗaya. Sauran darussana ba su yi muni ba, amma idona bai ga kome ba a katin nan sai wannan 34. Ga shi kuwa muna aji uku na babbar sakandare, ana gab da rubuta sunayenmu domin jarrabawar WAEC, ana kuma ta zancen sayen fom na JAMB. Ni kuma tun ina ƙaramin aji burina in karanta aikin injiniya.

Na san ba ni kaɗai wannan abu ya taɓa samu ba, domin a ɗakin kwananmu ma akwai mutum uku da suka kwana da irin tunanina. Shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta abin da na bincika na gano, ko ya amfani 'yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannenmu da ke aji biyu, da kuma iyayenmu waɗanda su ne suke sa hannu a katin.

Da na isa gida Gwandu hutu, bayan sallar isha'i na miƙa wa Baba katin. Ya haska da fitila, ya bi layi-layi da yatsa, sa'an nan ya tsaya ya ce, "Wanga jan biro fa, na mine ne?" Na ce, "Lissafi ne, Baba." Ya yi shiru. Baba ya san cewa wanda ya faɗi lissafi ba ya shiga jami'a ya karanta kimiyya, abin da ya ji ke nan daga bakin mutane, kuma gaskiya ne. Abin da bai sani ba shi ne lissafin iri biyu ne. Ni ma da na san iri biyu ne, a lokacin ban san wanne ne yake da nauyin me ba, saboda haka na kasa yi masa bayani. Muka kwana cikin damuwa mu biyu, alhali rabin damuwar nan rashin sani ne kawai.

Bayan kwana huɗu Baba ya aike ni Kalgo wurin Kawu da saƙo. A can na iske Yayana, ɗan Kawu, wanda yake shekara ta biyu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, jami'ar nan da aka kafa a 2013 wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Shi ne ya zaunar da ni, ya buɗe ƙasidar JAMB a wayarsa, muka bi ta tare. Abin da zan faɗa yanzu daga nan ya samo asali, na kuma sake tabbatar da shi wurin malamin ba da shawara da muka komo makaranta.

Mai neman jami'a a Nijeriya ƙofa biyu yake bi. Ta farko ita ce jarrabawar gama sakandare, ko ta WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO wadda aka kafa a 1999. A nan abin da ake nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da mutum zai karanta, kuma ga ɗan kimiyya lalle ne Turanci da Lissafin Bai-ɗaya su kasance cikin biyar ɗin. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an ci amma ba kiredit ba ne, F9 kuma faɗuwa ce. Ga mai son injiniya, biyar ɗin galibi su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, da wani darasi guda na kimiyya. Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da ta fara aiki a 1978. Darussa huɗu ake ɗauka, Turanci tilas da wasu uku, jimlar maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta baki ɗaya. Mai son injiniya yakan ɗauki Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

To, ga abin da ya ba ni mamaki. Babban Lissafi ba ya cikin darussan da JAMB take jarraba mutane a kansu sam. A ƙofar farko kuma, darasi ne na zaɓi. Idan ɗalibi ya sami kiredit ɗinsa biyar a darussan da ake bukata, yawancin jami'o'i ba za su hana shi gurbi ba don ya yi rauni a darasi na takwas ko na tara. Akwai dai fannoni a wasu jami'o'i da suke ambaton Babban Lissafi cikin darussan da suke karɓa, saboda haka wajibi ne kowa ya duba ƙasidar JAMB da idonsa, ya ga fanninsa da jami'ar da ya zaɓa, kada ya dogara da "an ce". Haka kuma katin zango ba ya zuwa jami'a. A Amurka ne jami'o'i suke karɓar makin da ɗalibi ya samu a aji shekara-shekara su duba, har jan biro guda ya zama abin da sai an yi bayani a kansa. A nan makin aji yana shiga cikin abin da makaranta take aika wa hukumar jarrabawa, amma jami'a sakamakon ƙarshe take gani.

Da na ji haka sai na yi ajiyar zuciya, na ce, "Ashe ke nan, Yaya, in yar da shi kawai in huta." Sai ya yi dariya ya tashi ya ɗauko littafinsa na shekarar farko a jami'a ya ajiye mini a cinya. Na buɗe. Abin da na gani shi ne ainihin abin da ya kayar da ni: aljabara, tirigonometiri, bekta, da kalkulas. Ya ce duk ɗalibin kimiyya da na injiniya sai ya bi ta wannan hanya a shekarar farko, kuma a can malami zai gama cikin mako biyu abin da mu ake koya mana cikin zango guda, a ɗakin da ya cika maƙil, ba mai zagayowa ya duba littafinka. Ya ƙara nuna mini cewa manhajar Lissafi ta JAMB kanta tana ɗauke da kalkulas da matiris da lissafin jeri da zaɓi, waɗanda ɗan Babban Lissafi ya riga ya saba da su. Watau darasin ba shi ne mai tsaron ƙofa ba, amma yana zaune a cikin gida yana jiran mai shigowa.

Nan ne matsalar ta fito a sifarta ta gaskiya. Idan na riƙe darasin, yana iya cinye mini lokacin da ya kamata in ba Lissafin Bai-ɗaya da Fiziks da Kemistiri, waɗanda su ne za su shigar da ni ko su hana ni. Idan na yar da shi, na sami sauƙi yanzu, na kuma tara wa kaina bashi. Kuma ba abu ne da za a yi ta jinkiri a kansa ba, domin da zarar makaranta ta aika da sunan ɗalibi da darussansa, sauyawa ba ta da sauƙi. WAEC tana karɓar darussa takwas a ƙalla, tara a mafi yawa. Mai tara yana iya sauke ɗaya. Mai takwas ba shi da abin saukewa sai dai musanya, musanya kuwa a aji uku ganganci ne.

Yaya ya ce kada in yanke kome sai na gano inda makina suka zube. Na yi sa'a na zo da takardar jarrabawar cikin jakata. Muka shimfiɗa tabarma, muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka kasa maki 66 da na rasa gida uku. Maki 16 na tambayoyin da lokaci ya ƙare ban kai gare su ba. Maki 12 na abin da haƙiƙa ban gane ba ko kaɗan. Sauran 38 kuwa, abin kunya, kurakurai ne na lissafin ƙaramar sakandare: buɗe baka, haɗa ɓangarorin lamba masu ƙasa dabam-dabam, da mance alamar ragi.

Bari in kawo misali guda, domin iyayenmu su ga irin abin da ake tambayarmu. A ce manomi yana da shingen da tsawonsa mita 100 ne, yana so ya kewaye garkar albasa mai kusurwa huɗu, kamar yadda ake yi a fadamun wajen Aliero. Yaya zai ja shingen ya sami fili mafi girma? In ya yi tsawo 40 faɗi 10, ya sami murabba'in mita 400. In ya yi 30 da 20, ya sami 600. In ya yi 25 da 25, ya sami 625, kuma daga nan duk inda ya karkata filin raguwa zai yi. Ana iya gano wannan ta gwaji, amma kalkulas yana ba da amsar kai tsaye, domin aikinsa shi ne auna yadda wani abu yake sauyawa idan wani ya sauya, ya nuna daidai inda ƙaruwa ta tsaya. Sai a kira tsawo x, faɗi ya zama 50 − x, fili ya zama x(50 − x). In an buɗe baka a sami 50x − x². Ƙa'idar kalkulas ta mai da shi 50 − 2x, a daidaita da sifili, x ya fito 25. Ni a jarrabawa na san ƙa'idar sarai. Amma wajen buɗe baka sai na rubuta 50x − x, na mance cewa x sau x shi ne x². Daga wannan layi duk abin da ya biyo baya ya lalace, maki shida suka tafi. Kalkulas bai kayar da ni ba. Abin da aka koya mini ina ɗan shekara goma sha biyu ne ya kayar da ni.

Wannan ganowa ta fi kome muhimmanci, domin ta nuna mini haɗarin da ban lura da shi ba. Hannun da ya yi kuskuren buɗe baka a Babban Lissafi shi ne zai rubuta Lissafin Bai-ɗaya da Fiziks. Na duba katina na ga 58 nake da shi a Lissafin Bai-ɗaya, kiredit ne amma ba mai kauri ba. Da na yar da Babban Lissafi ranar nan, da na cire abin da yake nuna mini ciwon, ciwon kuwa yana nan. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ba na cewa kowa ya riƙe darasin nan ko ta halin ƙaƙa. A ganina wanda Lissafin Bai-ɗayansa bai kai kiredit ba, ya kamata ya sauke Babban Lissafi ba tare da jin kunya ba, in yana da darussa tara, ya zuba ƙarfinsa inda ake bukata. Ba a ɗora bene a kan ginin da yake rawa. Haka wanda fannin da yake nema bai dogara da lissafi sosai ba, kuma ya ga darasin yana danne masa Bayoloji ko Kemistiri. Ɗaya daga cikin abokaina uku na ɗakin kwana haka ya yi, kuma ina ganin ya yi daidai. Amma wanda yake neman injiniya, ko kimiyyar kwamfuta, ko Fiziks, ko lissafin kansa, kuma ya duba takardarsa ya ga yawancin asararsa ta sakaci ce da ƙarancin lokaci, to wannan ya daure. Wanda bai duba takardarsa ba kuwa, bai isa yanke hukunci ba tukuna, ko ta wane gefe.

Akwai kuma abin da ba laifin ɗalibi ba ne, kuma ya kamata a faɗa. Babban Lissafi darasi ne da kowane babi yake hawa kan na bayansa. Ni na yi zazzaɓi mako uku a aji biyu, daidai lokacin da aka yi tirigonometiri, na komo na kwafi rubutu daga littafin abokina na ɗauka na rama. Ban rama ba, domin kwafi ba ganewa ba ne. Wasu kuma sun fito daga makarantun da aka daɗe ba malamin darasin. Irin wannan giɓi ba ya cikewa da kansa, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ne.

Ni dai na riƙe shi, amma da sharaɗi. Na je wurin malaminmu na lissafi da takardar a hannu, na ce, "Malam, ga inda nake faɗuwa." Na yi tsammanin faɗa, sai ya ce tun da ya fara koyar da ajinmu ba wanda ya taɓa komo masa da takardar da aka faɗi. Ya ba ni tsohon littafin aji uku na ƙaramar sakandare, ya ce in yi tambayoyi goma na aljabara kowace safiya bayan asuba, kafin a buga ƙararrawar shara. Da fari ɓoye littafin nake yi cikin bargo kada ƙanana su gani. Daga baya na daina, domin na lura ba wanda ya damu. A lokacin karatun dare kuma na ware wa Babban Lissafi dare uku a mako, minti arba'in da biyar kacal, in lokaci ya cika in rufe ko ina tsakiyar tambaya. Sauran lokacin na darussan JAMB ne, ba na taɓa shi.

Malam ya kuma nuna mana yadda jarrabawar WAEC ta wannan darasi take, bisa manhajar da muke bi. Takarda ta ɗaya tambayoyi 40 ne na zaɓi. Takarda ta biyu maki 100 ce. A cikinta akwai gajerun tambayoyi takwas na tilas masu maki 48, sa'an nan dogaye guda bakwai da za a zaɓi huɗu, masu maki 52. Dogayen an raba su kashi uku: tsantsar lissafi, ƙididdiga da lissafin yiwuwa, sai bekta da lissafin motsi da ƙarfi, kuma dole a taɓa kowane kashi. Abin da wannan yake nufi ga mai rauni shi ne kusan rabin makin takarda ta biyu yana cikin gajerun tambayoyi, waɗanda ba su da zurfi amma sun ratsa manhajar duka. Gara mutum ya san tushen kowane babi da ya ƙware a biyu ya bar sauran. Ƙididdiga kuwa, wadda da yawanmu muke rainawa, ita ce mafi saurin ba da maki ga mai natsuwa.

Ga iyayenmu ina da roƙo, cikin ladabi. In kun ga jan biro a gaban lissafi, ku fara tambaya wane lissafin ne, ku kuma nemi ganin takardar jarrabawar kanta. Kada ku yarda da masu zuwa su ce a kai yaro wata "cibiya ta musamman" inda ake ba da amsa a biya kuɗi. Satar jarrabawa laifi ne a dokar ƙasa, akwai doka a kanta ta 1999, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe sakamako ko su soke shi. Ko da an tsira, A1 na saye ba zai zauna wa yaro a ajin shekarar farko ba. Kuɗin nan ya fi amfani a sayi littafin tsofaffin tambayoyi da na'urar lissafi mai kyau. Ku kuma sani hanya ba ɗaya ba ce. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, a haɗa WAEC da NECO, ko da yake wasu fannoni kamar likitanci sukan nemi zama ɗaya. Bayan jami'ar Birnin Kabi akwai ta kimiyya da fasaha a Aliero wadda aka kafa a 2006, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kabi inda mai difloma yake iya wucewa jami'a daga baya, ga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu. A 2025 an tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, watau irina yanzu muka kai bakin layin. Wanda shekara ɗaya ta kuɓuce masa bai makara ba.

Daren da na komo daga Kalgo na sake zama da Baba na yi masa bayanin nan duka. Da na kai kan kuskuren ɓangarorin lamba, sai ya ce ai wannan shi ne hisabin da malamai suke yi wajen rabon gado, rabi da sulusi da sudusi da sumuni, kuma a garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai kamata a ce yaro ya kasa haɗa sulusi da rubu'i ba. Na gaya masa abin da Malam ya taɓa faɗa mana, cewa kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Alkawarizmi ta fito, malamin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban sashe na littafin nan a kan rabon gado da wasiyya yake. Baba ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya ɗauko alli ya rubuta mini mas'alar gado a bayan ƙofa, mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa, ya ce in fitar da rabon kowa daga 24. Na samu: mata 3, uwa 4, 'ya'ya 16, saura 1 na ɗan'uwa. Sa'an nan ya sa hannu a katin.

An riga an aika da sunayenmu, Babban Lissafi yana cikin darussana tara. A gwajin tsakiyar zango na biyu na sami 49, Lissafin Bai-ɗaya kuma ya hau zuwa 67. Har yanzu 49 ba kiredit ba ne, kuma lissafin motsi da ƙarfi yana ba ni wuya kamar dā. Mu biyu da muka riƙe darasin a ɗakinmu, da wasu uku daga ɗakin maƙwabta, muna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a ajin kimiyya na biyu, kowa ya zo da tambayar da ta gagare shi cikin mako. Duk ɗan aji biyu da yake so ya zo, ya riƙo takardar jarrabawarsa ta zangon da ya wuce.